Ina Wutsiyar Talibambam Take Zuwa? Kwaɗo da Ilmin Ginuwar Jiki



 Mun sani sarai cewa sa'ad da aka ji za a yi lacca a kan kwaɗo wasu sun yi murmushi, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin a Hausa kalmar tana da fuska uku. Akwai kwaɗon da ake kulle ɗaki da shi, akwai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda da shi aka yi shela da ɗakin nan bai ɗauke mu ba, sa'an nan akwai kwaɗon kududdufi mai hana mutane barci da damina. To, na ukun nan ne ya tara mu.

Za mu fara da tambayar da yaro ɗan shekara bakwai zai iya yi, amma ta ɗauki masana fiye da shekara 100 kafin su amsa ta. Talibambam yana da wutsiya, kwaɗo ba shi da ita. Ina take zuwa? Da yawa daga cikinmu mun ɗauka guntulewa take yi ta faɗi, kamar ta ƙadangare in an kama shi. Ba haka ba ne. Jiki ne da kansa yake rushe ta daga ciki, a tsanake, bisa wani umarni da yake rubuce tun ƙwai bai fara rabuwa ba, kana ya kwashe kayan ginin ya yi amfani da su a wani wuri. Abin da muke so mu nuna shi ne, ginin jikin dabba mai ƙashin baya, har da namu, ba ƙari ba ne kaɗai. Akwai ragi a cikinsa, kuma ragin nan aiki ne da aka tsara, ba tsautsayi ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi, don kada mu ɓata a hanya. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da 'yan ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Su ne ƙwayoyin halitta, za mu riƙa ce musu ƙwayoyi a taƙaice. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu rak. Dukan rubutun nan shi za mu kira kundin gado. An ɗaure kundin dami-dami, kowane dami masana suna ce masa kuromosom. Ɗan Adam yana da 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Kowane yanki na rubutun da ke faɗa wa ƙwaya ta haɗa wani sinadari, shi za mu kira umarnin gado.

To, me ya sa kwaɗo? Dalilin a fili yake. Tayin akuya ko na mutum yana ɓoye ne a cikin mahaifa, na kaza yana cikin ɓawo. Shi kuwa kwaɗo a ruwa yake zuba ƙwansa, ɗaruruwa har dubbai a dare ɗaya, kuma kowane ƙwai ya kai milimita ɗaya da ɗoriya, watau babba ne ƙwarai in an kwatanta shi da na mutum. Mai bincike yana iya sa shi a faranti ya zauna ya kalli halitta tana ginuwa a gaban idonsa, ya yanka, ya dasa, ya ɗura masa abin da ya ga dama.

Kwaɗon da ya fi kowane shiga ɗakunan bincike na duniya ɗan Afirka ne. Sunansa na ilmi Xenopus laevis, ma'anar kalmar farko kuwa baƙuwar ƙafa, saboda yana da farata baƙaƙe a yatsu uku na ƙafarsa ta baya. Ba shi da harshe, kuma a ruwa yake ƙare rayuwarsa. Asalinsa kudancin Afirka ne, saboda haka za mu kira shi kwaɗon Kudu. Hanyar da ya bi ya zagaya duniya abin mamaki ce. Wajen shekarar 1930 wani Bature mai suna Lancelot Hogben, yana aiki a birnin Cape Town, ya lura cewa in an yi wa macen wannan kwaɗo allurar wani sinadarin jiki sai ta zuba ƙwai. Ba da daɗewa ba aka gane cewa fitsarin mace mai juna biyu yana ɗauke da irin wannan sinadari. Daga nan sai asibitoci suka mai da kwaɗo ma'aunin ciki: a yi masa allurar fitsari da yamma, in gari ya waye an ga ƙwai a cikin tulun gilashi, to, matar tana da ciki. An yi ta haka har cikin shekarun 1960, ana ta jigilar kwaɗi daga Afirka zuwa Turai da Amurka. Masu nazarin tayi kuwa suka ga banza ta faɗi, domin a da sai su jira lokacin bazarar Turai kafin su sami ƙwai, yanzu kuwa allura ɗaya ta wadatar a kowane wata.

Ga abin da mai kallo zai gani. Kamar awa ɗaya da rabi bayan maniyyi ya shiga ƙwai, sai ƙwan ya tsage gida biyu. Daga nan kowane rabin awa sai ya ninka: 4, 8, 16, har sau 12, ya zama ƙwayoyi wajen 4,000 cikin awa bakwai ko kusa da haka. A duk wannan lokaci girmansa bai ƙaru ba, kuma kusan bai buɗe kundin gadonsa ba. Guzurin da uwa ta zuba masa yake ci. Sa'an nan sai a shiga matakin da ya fi kowane muhimmanci, wanda za mu kira naɗewa. Wani ɗan baki yakan buɗe a gefe guda, ƙwayoyin waje su riƙa kwarara ciki ta nan, har tayi ya zama hawa uku. Hawan waje shi zai ba da fata da ƙwaƙwalwa, na tsakiya ya ba da tsoka da ƙashi da jini, na ciki ya ba da hanji da hanta da huhu. Kwana biyu zuciya ta fara bugawa, kwana huɗu talibambam ya fara cin abinci, wajen wata biyu ya zama kwaɗo. A 1956 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Nieuwkoop da Faber, suka raba wannan tafiya mataki 66, suka zana kowanne, har yau kuma da lambobinsu ake aiki.

Tambayar farko da ta dami masana ita ce, wa yake faɗa wa kowace ƙwaya abin da za ta zama? A 1888 Wilhelm Roux, Bajamushe, ya ɗauki allura mai zafi ya soke ɗaya daga ƙwayoyi biyu na farko na ƙwan kwaɗo. Wadda ta rage ta ba da rabin tayi. Sai ya yanke hukunci cewa tun rabuwar farko ake raba gado, kowace ƙwaya ta ɗauki nata kaso. Gwajin ya yi kyau, amma hukuncin kuskure ne, domin daga baya an gane cewa gawar ƙwayar da ya bari manne ita ce ta hana 'yar'uwarta sakewa. In aka cire ta sarai, sai a sami cikakken tayi, ƙarami. Wannan darasi ne ga masu shirin rubuta kundin digiri: gwaji ba ya ƙarya, amma mai fassara shi yana iya yi.

Amsa mai ƙarfi ta zo a 1924 daga birnin Freiburg na Jamus, daga Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold. Su da wani ɗan'uwan kwaɗo suka yi aiki, mai jela, mai kama da ƙadangaren ruwa. Mangold ta yanko leɓen saman ɗan bakin nan da muka ambata daga tayi mai farin launi, ta dasa shi a gefen cikin wani tayi mai duhu. Ta yi haka sau ɗaruruwa, 'yan ƙalilan ne suka rayu, amma waɗanda suka rayu sun fito da jiki biyu a manne, kowane da gadon bayansa. Da aka duba launi, sai aka ga yawancin sabon jikin ba daga abin da aka dasa ya fito ba, daga ƙwayoyin mai masauki ne. Ashe ɗan guntun nan ba tubali ba ne, magini ne: shi yake umartar maƙwabtansa su zama ƙwaƙwalwa da laka da tsoka. Spemann ya sami lambar Nobel a 1935. Ita kuwa Mangold ta rasu a shekarar da aka buga aikin, tana da shekara 25, sanadin fashewar murhu a gidanta.

Da wane harshe maginin yake ba da umarni? An yi kusan shekara 70 ana nema, sai a ƙwan kwaɗon Kudu aka same shi. A 1992 ɗakin binciken Richard Harland a Amurka ya gano wani sinadari da suka sa wa suna nogin, a 1994 kuma na Edward De Robertis ya gano kodin. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, waɗannan sinadarai ba cewa suke yi ku zama ƙwaƙwalwa ba. Akwai wani saƙo mai suna BMP da ke yawo cikin tayi yana cewa ku zama fata, su kuwa aikinsu su kama shi su ɗaure. Inda aka toshe saƙon, nan ƙwaƙwalwa take fitowa. Watau tun a nan mun fara ganin cewa hani yana gini. An kuma sami takwaran wannan magini a tayin kifi da na kaza da na ɓera.

Saura tambayar Roux: shin ƙwayar da ta riga ta zama hanji ta yar da sauran kundin ne, ko tana riƙe da shi? John Gurdon ne ya amsa, yana saurayi a Jami'ar Oksfod. Ya ɗauki ƙwan kwaɗo ya lalata cibiyarsa da wani haske mai ƙarfi, sa'an nan ya zuƙo cibiya daga ƙwayar hanjin talibambam ya ɗura a ciki. A rahotonsa na 1962, daga gwaji 726 ya sami talibambam 10 masu iyo lafiya lau, a 1966 kuma ya nuna cewa irin waɗannan suna iya girma har su hayayyafa. Goma cikin ɗari bakwai ba yawa, amma ko ɗaya ne ya isa hujja: ƙwayar hanji tana ɗauke da cikakken kundin yin ido da ƙafa da zuciya, shafukan ne kawai ta rufe. Daga wannan tushe aka zo ga tunkiyar nan Dolly a 1996, kuma Gurdon ya raba lambar Nobel ta 2012 da Shinya Yamanaka na Japan. Ga waɗanda jarrabawa ta taɓa kayarwa, ga ɗan abin sanyaya zuciya: yana ɗan shekara 15 Gurdon ne ya zo na ƙarshe cikin yara 250 a darasin ilmin halittu, har malaminsa ya rubuta cewa burinsa na zama masanin kimiyya abin dariya ne. Ya sa takardar a gilashi ya rataye a ofishinsa.

Yanzu sai mu koma ga wutsiya. Tun 1842 wani masani mai suna Carl Vogt, yana nazarin talibambam na wani kwaɗon Turai, ya rubuta cewa ya ga ƙwayoyi suna mutuwa a cikin lafiyayyen jiki mai girma, wasu suna maye gurbinsu. Ba wanda ya kula sosai, domin a tunanin wancan zamani mutuwa da cuta ko rauni take tafe. A 1912 Friedrich Gudernatsch ya riƙa ciyar da talibambam naman gaɓoɓi daban-daban na doki. Waɗanda suka ci wata 'yar tsoka ta gaban wuya, wadda likitoci ke kira tayirod, sai suka rikiɗa tun lokaci bai yi ba, suka zama kwaɗi 'yan mitsi-mitsi. Bayan 'yan shekaru Bennet Allen a Amurka ya yi akasin haka, ya cire wannan tsoka daga jikin talibambam, sai suka yi ta girma suka zama ƙatti, amma ba su taɓa zama kwaɗi ba.

Wannan tsoka mun san ta, ko da ba da wannan suna ba, domin ita ce take kumbura ta zama maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa ba ya haɗuwa sai da aidin, shi ya sa ake zuba aidin a gishiri. Kuma sinadarin nan na kwaɗo da na mutum abu guda ne. Jaririn da ya rasa shi a ciki da bayan haihuwa ƙwaƙwalwarsa ba ta cika, kamar yadda talibambam da ya rasa shi ba ya zama kwaɗo. Saboda haka ne ma yau ake amfani da talibambam wajen gwada ko wani maganin feshi ko sinadarin masana'anta yana taɓa aikin tayirod.

Amma ku duba wani abu. Sinadari ɗaya ne yake zagaya jikin talibambam duka, alhali kowace gaɓa da irin amsar da take bayarwa. Ƙafafu su tsiro. Wutsiya da abin numfashin ruwa su narke. Hanji, wanda dogo ne a naɗe saboda cin ganye, ya taƙaice ya koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, tsohon rufinsa na ciki ya mutu sabo ya fito wanda ya dace da cin ƙwari. An gwada yanko ƙarshen wutsiya a dasa a gangar jiki, da lokaci ya yi sai ya narke a can. An dasa ido a kan wutsiya, wutsiyar ta narke idon yana nan. Ke nan saƙon ba ya ɗauke da hukunci. Kowace ƙwaya ce take buɗe nata shafi ta karanta abin da aka rubuta mata. A kwanakin da abin ya yi tsanani talibambam ba ya cin abinci, da wutsiyarsa yake rayuwa.

Gwajin da ya fi burge mu a duk wannan fage shi ne na Jamshed Tata, ɗan asalin Indiya mai aiki a Landan, a 1966. Ya yanko wutsiyoyi ya ajiye su da rai a faranti. In ya zuba musu sinadarin tayirod sai su ƙanƙance, babu kai babu jini. Sai ya ƙara wani magani mai hana ƙwaya karanta kundinta da haɗa sababbin sinadarai, watau guba ke nan. Hankali zai ce wutsiyar da aka haɗa wa abu biyu za ta fi saurin lalacewa. Ina! Sai ta ƙi narkewa. Guba ta hana mutuwa. Ma'anar wannan ita ce, ƙwayar wutsiya ba kashe ta ake yi ba, sai ta tashi ta yi aiki, ta ƙera makaman da za ta rushe kanta da su, in kuwa aka ɗaure mata hannu ba za ta iya ba.

A 1972 masana uku a Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya, Kerr da Wyllie da Currie, suka bayyana kamannin wannan mutuwa suka raɗa mata suna afoftosis, daga kalmar Girkanci mai nufin kakkaɓar ganye daga itace. Mu da muka san yadda kuka take zubar da ganyenta da kaka ba mu bukatar dogon bayani. Bayan shekara biyu Kerr da abokan aikinsa suka tabbatar cewa ita ce ke faruwa a wutsiyar talibambam. Bambancinta da mutuwar rauni a fili yake. Ƙwayar da wuta ta ƙona takan kumbura ta fashe, ta watsa abin cikinta, wurin ya yi ja ya yi zafi. Wadda ta mutu bisa tsari kuwa takan tsuke, ta daddatse zaren gadonta, ta ƙulle kayanta ƙunshi-ƙunshi, maƙwabta su haɗiye, ba kumburi ba ciwo. Kamar mai tashi daga gidan haya ne da ya share ɗaki ya miƙa makulli. Haka biliyoyin ƙwayoyi suke yi a jikin kowannenmu kullum. An fara gano umarnan da ke tafiyar da abin ne a jikin wata 'yar tsutsa, wadda cikin ƙwayoyi 1,090 da take yi, 131 suke mutuwa a kowane karo, aikin da ya jawo wa Brenner da Horvitz da Sulston lambar Nobel a 2002.

Kwaɗo bai fita daga labarin ba. A 1994 Donald Newmeyer da abokansa suka farfasa ƙwan kwaɗon Kudu suka tace ruwan cikinsa, suka ga cewa ana iya tayar da wannan rushewa a cikin kwalba, ba tare da ƙwaya mai rai ba, amma sai in akwai mitokondiriya, watau 'yan murahun da ke ba ƙwaya ƙarfi. A 1997 aka nuna da wannan ruwan ƙwai cewa wani sinadari mai suna Bcl-2 yana tsaye ne kamar mai gadi a ƙofar murhun, yana hana fitar abin da ke kunna rushewar. Shi Bcl-2 a jikin masu wata irin sankarar jini aka fara gano shi, inda ya yi yawa har ƙwayoyin da ya kamata su mutu suka ƙi. Nan aka fahimci cewa ciwon daji ba yawan haihuwar ƙwayoyi ba ne kurum, har da ƙin mutuwa. A 2016 Amurka ta amince da wani magani mai suna venetoclax wanda aikinsa ya kawar da mai gadin nan. Daga kududdufi zuwa gadon asibiti tafiyar ba ta kai nisan da muke zato ba.

Ƙaramin tayi ma yana da nasa tsarin. A 1997 aka nuna cewa in aka lalata zaren gadon tayin kwaɗo tun yana rabuwar farko, zai ci gaba da rabuwa kamar ba abin da ya faru, sai an zo bakin naɗewa sa'an nan ƙwayoyin da suka lalace su mutu gaba ɗaya, kamar akwai shingen bincike da aka kafa a wannan wuri. Sai dai kada mu ɗora wa kwaɗo abin da ba nasa ba. Littattafan makaranta sukan kawo misalin yatsunmu, waɗanda a ciki suke haɗe da fata kamar ƙafar agwagwa, sai ƙwayoyin tsakani su mutu su rabu. Wannan gaskiya ne ga mutum da ɓera da kaza, amma kwaɗon Kudu ba haka yake yi ba; nasa yatsun tsirowa suke yi su zarce fatar.

Mun zo ga kashi na ƙarshe, watau kundin kansa. Kwaɗon Kudu yana da wata matsala ga masu nazarin gado: kusan kowane umarni yana da shi ninki biyu, ga shi kuma yakan yi shekara ko fiye kafin ya balaga. Saboda haka masana suka juya ga ɗan'uwansa ƙarami, Xenopus tropicalis, mazaunin kurmin Afirka ta Yamma tun daga Senegal har Kamaru, mai dami 20, wanda yake balaga cikin wata huɗu zuwa shida. A 2010 aka buga kundin gadonsa, na farko ke nan daga dangin kwaɗi: haruffa fiye da biliyan ɗaya da rabi, umarnai fiye da 20,000, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na umarnan da aka san suna da hannu a cututtukan ɗan Adam suna da takwarorinsu a ciki. Macen da aka karanta kundinta daga wani iri take wanda aka ɗebo kakanninsa daga ƙasar nan, har yau kuma a ɗakunan bincike na duniya sunan irin ke nan, ɗan Nijeriya.

Na kwaɗon Kudu sai a 2016 aka kammala, da haɗin gwiwar masana na Amurka da Japan da wasu ƙasashe. Yana da dami 36 da haruffa wajen biliyan 3, kuma labarin da aka karanto a ciki shi ne wannan. Bisa ƙiyasin masana, wajen shekara miliyan 34 da suka wuce wani jinsin kwaɗo ya rabu gida biyu, kowane da dami 18. Bayan sun daɗe a rabe, wajen shekara miliyan 17 zuwa 18 da suka wuce, sai suka sake haɗuwa suka yi barbara. Mun san abin da yakan biyo bayan irin wannan: doki yana da dami 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, dammunan ba su da abokan jeruwa, shi ya sa ba ya haihuwa. Shi wannan kwaɗo sai aka yi dace kundin ya ninka gaba ɗaya, kowane dami ya sami abokinsa, zuriya ta ɗore. Manomi ba zai yi mamaki ba, domin gyaɗa da auduga da alkamar burodi duk ta irin wannan hanya suka samu. A dabbobi masu ƙashin baya ne abin yake da wuya.

Iyayen biyu sun ƙare tuntuni, to, yaya aka gane gadon wannan daga na wancan? Akwai wasu guntayen rubutu masu yawo cikin kundi suna kwafar kansu. Kowane daga iyayen ya kamu da nasa iri a zamanin da suke rabe, sai burbushinsu ya zama kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbobinsa. Da wannan aka ware dammunan gida biyu, dogaye da gajeru. Abin da aka gani kuwa shi ne, tun daga haɗuwar nan kundin yake ta rage kaya. Fiye da kashi 56 cikin 100 na umarnan har yanzu suna nan bibbiyu, sauran kuwa an yar da ɗaya, kuma gajerun dammunan ne suka fi asara nesa ba kusa ba. Ragin ma ba na kan mai uwa da wabi ba ne: umarnan da ke tafiyar da ginin tayi galibi an riƙe su biyu, na gyaran zaren DNA kuwa galibi an koma ɗaya.

Me ya shafe mu? A 1970 Susumu Ohno, masani ɗan Japan mai aiki a Amurka, ya kawo ra'ayin cewa ninkin kundi ne yake ba halitta sararin yin sabon abu, domin in umarni ya zama biyu, ɗaya ya riƙe tsohon aiki, ɗayan ya sami 'yancin sauyawa ko ya lalace. Bincike ya tabbatar daga baya cewa kundin dabbobi masu ƙashin baya irin namu ya ninka har sau biyu, wajen shekara miliyan 500 da suka wuce. Shaidar tana jikinmu: jerin umarnan Hox, masu tsara jiki daga kai zuwa gindi, ɗaya ne a dangin da ba su da ƙashin baya mafi kusa da mu, mu kuwa huɗu gare mu. A kwaɗon Kudu ma aka fara gano irin wannan umarni cikin masu ƙashin baya, a 1984. Namu ninkin ya tsufa har sawunsa ya kusa shafewa, na kwaɗon kuwa ɗanye ne, ana iya ganin abin da aka riƙe da abin da aka saki.

Akwai wanda ya fi shi ma. A kan dutsen Oku da ke arewa maso yammacin Kamaru akwai wani ɗan tafki a bakin tsohon dutse mai aman wuta, a cikinsa akwai Xenopus longipes, mai dami 108, watau ninki 12. Duk duniya ba a san shi ko'ina ba sai a wannan tafki, kuma yana cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Tafkin ba shi da kifi, masana kuma suna fargabar cewa in wani ya zuba kifi a ciki da niyyar alheri, ƙarshen wannan kwaɗo ke nan. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna cewa kusan kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna cikin haɗari, saboda ɓarnar muhalli da sauyin yanayi da wata cutar fata mai kama da funfuna. An daɗe ana zargin cinikin kwaɗon Kudu da haifar da wannan annoba, amma binciken 2018 ya nuna cewa asalin cutar gabashin Asiya ne.

'Yan'uwa, a nan akwai abin da ya kamata ya taɓa mu. Dabbar ta Afirka ce, irin da aka auna duniya da shi sunan ƙasarmu yake ɗauke da shi, amma cikin sunayen da muka lissafa yau ba ku ji namu ba. Kuma ba a ce aikin ya ƙare ba: a 2015 kaɗai an bayyana sababbin jinsuna shida na wannan dangi daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ɗaya daga cikinsu, Xenopus fischbergi, mazaunin yankin ciyayi ne har da arewacin Nijeriya. Waɗansunku sun riga sun shiga ofis, waɗansu suna hanya. Takardar neman kuɗin bincike a kan kwaɗo za ta iya zuwa teburinku, haka ta cike kududdufi, ko ta zuba kifi a tafki, ko ta shigo da maganin feshi. Roƙonmu shi ne ku karanta ta har ƙarshe kafin ku sa hannu.

Ga masu son gani da ido kuwa, abin ba ya bukatar kuɗi. In ruwa ya sauka, ku duba gefen kududdufi da sassafe, za ku ga ƙwai baƙaƙe a jere cikin wani zare mai yauƙi, wasu kuma a dunƙule. Ku ɗebi kaɗan da ruwan wurin a cikin kwano mai faɗi, ku ajiye a inuwa, ku riƙa canza ruwan, in sun ƙyanƙyashe ku ba su dafaffen ganyen alayyafo. Ku sami littafi ku riƙa auna tsawon wutsiya kullum da rula. Ƙafafun baya za su fara fitowa, sa'an nan na gaba, daga ranar ne za ku ga awon ya fara raguwa. Ku sa musu dutse a cikin kwanon don su sami wurin hawa, in ba haka ba za su nutse, kuma in sun gama ku mai da su inda kuka ɗebo su.

Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.